Turancin titin Landan a Nima da Maamobi: wa ke fahimtar wa?

A takarda, matashin da ya gama sakandare a Nima da takwaransa na unguwar Tottenham da ke arewacin Landan harshe ɗaya suke yi. Turanci ne harshen gwamnati da kotu da makaranta a Ghana tun zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma ƙasar ba ta sauya shi ba bayan samun 'yancin kai ranar 6 ga Maris 1957. Sai dai duk lokacin da 'yan uwa suka zo hutun Sallah ko na ƙarshen shekara daga Ingila, akan ga abin da takarda ba ta nuna ba. Yaro zai yi magana, kawunsa da ya shekara talatin yana karanta jaridar Turanci ya ce ya maimaita. Kawun ya yi tasa, yaron ya juya yana kallon mahaifiyarsa ta fassara masa.

Lamarin ya wuce abin dariya a majalisar shayi. Ƙidayar jama'a ta 2011 ta nuna cewa mutum sama da 90,000 da aka haifa a Ghana suna zaune a Ingila da yankin Wales, kuma tun daga lokacin wasu dubbai sun bi su, da yawansu ma'aikatan jinya ne da masu kula da tsofaffi. Ga irin waɗannan mutane, fahimtar Turancin da Bature ke yi a gida da kan titi na iya zama bambanci tsakanin riƙe aiki da rasa shi. To shin kalmomin titi na Birtaniya ana gane su a sauran ƙasashen da ke magana da Turanci? Amsar ta danganta da irin kalmar, da shekarun mai sauraro, da kuma hanyar da kalmar ta bi ta fito daga Ingila.

Mece ce sara?

Malaman harshe suna kiran irin waɗannan kalmomi da suna sara, wato kalmomin yayi da wani rukuni na jama'a ke ƙirƙira ko ya karkatar da ma'anarsu, su yi tashe na ɗan lokaci, wasu su mutu, wasu su zauna. Hausa ma cike take da ita. Idan ɗan Kano ya ce wane "ya ɗau wanka", ba ruwa da sabulu yake nufi ba, yana nufin ya ci ado. Dattijon da ke Maamobi ko Agadas zai iya jin kowace kalma a cikin zancen amma ma'anar ta kuɓuce masa.

Sara ta bambanta da karin harshe, kamar yadda Sakkwatanci ya bambanta da Kananci, ta kuma bambanta da daidaitaccen harshen da ake koyarwa a aji. Babban aikinta shi ne nuna wane ne ɗan gida. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan baƙo bai gane ta ba, domin tun asali wani ɓangare nata an yi shi ne don kada baƙon ya gane. Misalin da ya fi shahara shi ne na mutanen gabashin Landan da ake kira "Cockney", waɗanda tun ƙarni na 19 suke musanya kalma da wata mai amo irin nata. Sukan ce "apples and pears", wato tufa da wani ɗan itace, alhali matakalar bene suke nufi, saboda ƙarshen zancen ya yi amo ɗaya da "stairs". Wannan ya yi kama da zaurance a Hausa, kuma ko a cikin Ingila ba kowa ke bin sa ba.

Turanci nawa ake yi a Nima?

Kafin a duba yadda sarar Ingila ke shiga Nima, ya kamata a san harsunan da take tararwa a can. An kafa Nima a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu fili daga hannun Gãwa masu ƙasar. Kafin nan akwai Sabon Zango da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20. Jama'a suka taru daga arewacin Ghana, da Najeriya, Nijar, Mali, Burkina Faso da Togo, Hausa ta zama harshen da ke haɗa su a kasuwa da masallaci, har ga waɗanda ba Hausawa ba. Hausa tana cikin harsunan da gidan rediyon gwamnatin Ghana ke watsa shirye-shirye da su, ko da yake ba ta cikin harsunan gida da gwamnati ta ɗauki nauyin koyarwa a makarantunta.

A gefen Hausa, da Twi da Gã, akwai Turanci aƙalla iri uku. Na farko shi ne na aji, wanda rubutunsa da ƙa'idojinsa suka bi na Birtaniya, kuma shi hukumar jarrabawa ta WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedikwatarta ke Accra, take aunawa. Na biyu shi ne Turancin Ghana na yau da kullum, mai kalmomi irin su "trotro", motar haya, da "chop bar", gidan abinci, da "dumsor", ɗauke wuta da kawo ta. Malama Kari Dako ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara irin waɗannan kalmomi a littafi guda a 2003. Na uku shi ne buroka. Masanin harshe Magnus Huber, wanda ya wallafa nazarinsa kan burokan Ghana a 1999, ya raba shi gida biyu: na unguwannin baƙi irin su Nima da Maamobi, inda ake yin sa don a fahimci juna, da kuma na ɗalibai, wanda ya yaɗu daga makarantun kwana na maza zuwa jami'o'i a matsayin harshen abota.

Ke nan matashin Nima yakan sauya harshe sau huɗu ko biyar kafin azahar. Kunnensa ya saba da Turanci kala-kala fiye da kunnen Baturen da bai taɓa barin garinsu ba. Matsalarsa ba ƙarancin Turanci ba ce, ita ce sanin wace kalma ce ke da wace ma'ana a wane wuri.

Kalmomin da suka zo da Bature suka zauna

Kashin farko na kalmomin Ingila sun shigo ne ta bariki da kanti da ofishin gwamnati. Hausawa sun daɗe a aikin soja da ɗan sanda a Gwalkwas, tun daga dakarun da Kyaftin John Glover ya tara a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga bakin hafsoshin Ingila aka samo soja, kofur, saje, samanja da shi kansa bariki. Daga kuɗinsu aka samo kwabo, sisi, sule da fam. Ghana ta koma sidi da fesuwa a 1965, Birtaniya kuma ta yi watsi da sule a tsarin lissafinta a 1971, amma har yau Bahaushe yana cewa ba shi da ko sisi, alhali yaron Landan na yanzu bai taɓa kashe sisi ba.

Kashi na biyu, wanda ya fi haɗari, shi ne kalmomin da suke nan a ƙasashen biyu amma ma'anarsu ta rabu. A Landan "mate" aboki ne, kuma ana faɗar ta ga kowa, har wanda ba a sani ba. A Accra "mate" yaron mota ne mai karɓar kuɗi a ƙofar trotro. Ma'anar ta Ghana ma daga Ingila ta fito, inda ake kiran mataimakin mai sana'a ko na matuƙin jirgin ruwa da wannan suna, amma dattijon da wani yaro ya kira da ita a tasha zai ɗauka raini ne. "Rubber" a makarantar Ingila abin goge rubutun fensir ne, a kasuwar Larabar Nima leda ce, a Amurka kuwa sara ce ta kwaroron roba. "Tea" a Ghana ya haɗa da Milo da duk abin sha mai zafi na safe, a arewacin Ingila kuma talakawa suna kiran abincin dare da wannan suna. Akwai kuma "hot drink", wanda a Ghana da Najeriya ke nufin barasa mai ƙarfi, a Ingila kuwa shayi ne ko kofi. Musulmin da ya sauka sabo zai iya ƙin karɓar kofin shayi da haushi, mai masaukinsa ya rasa laifin da ya yi.

Wasu maganganun kuma Turanci ne a sama, amma ƙashin bayansu na harsunan gida ne. Idan ɗan Accra ya tashi zai fita ya ce "I'm coming", fassarar "ina zuwa" ce, kuma haka ake faɗa a Twi. Bature zai tsaya yana mamakin mutumin da ya ce yana zuwa alhali yana tafiya. Idan wani ya yi tuntuɓe aka ce masa "sorry", sannu ake yi masa, amma Baturen zai amsa da cewa ai ba laifinka ba ne.

Kashi na uku su ne kalmomin da ba su taɓa ƙetare teku sosai ba. "Knackered" ga wanda ya gaji tilis, "skint" ga wanda aljihunsa ya bushe, "chuffed" ga mai murna, "gutted" ga wanda abu ya ɓata wa rai, "quid" a madadin fam guda. Malaman mishan da jami'an mulkin mallaka ba su koyar da su a aji ba, domin a wurinsu maganar talakawa ce. Mai digiri a Legon zai iya rubuta takarda mai shafi ɗari ba tare da ya taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ƙwallo, waƙa da wayar hannu

A cikin shekaru talatin da suka wuce an buɗe sababbin ƙofofi. Ta farko ita ce gasar Firimiya ta Ingila, wadda aka fara a 1992. Tun zuwan Tony Yeboah Leeds a 1995 da Michael Essien Chelsea a 2005, gidajen kallon ƙwallo a Accra suke cika duk ƙarshen mako. Mohammed Kudus, wanda aka haifa a Nima a shekara ta 2000, ya koma West Ham a 2023 sannan Tottenham a 2025, kuma ranar wasansa unguwar kan ɗauki harama. Daga bakin masu sharhi matasa suka koyi "gaffer", wato koci, da "clean sheet", wasan da ba a zura wa ƙungiya ƙwallo ba, da "park the bus", a tare gida a hana shiga. A wannan fanni yaron Maamobi ya fi Ba'amurke da yawa fahimtar Bature.

Ƙofa ta biyu waƙa ce, kuma a nan ne labarin ya juya. Turancin da matasan Landan ke yi yanzu ba irin na Cockney ba ne. Masu bincike irin su Jenny Cheshire da Paul Kerswill, waɗanda suka yi nazarin maganar matasan birnin daga 2004, sun ba shi suna Turancin Landan na al'ummomi daban-daban. Ya samo asali ne daga cuɗanyar 'ya'yan baƙi a makarantu da unguwanni, musamman zuriyar mutanen Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan da suka fara kwarara Ingila daga 1948, sai 'yan Afirka ta Yamma, Somaliya, Bangaladash da Fakistan. A cikinsa "wagwan" gaisuwa ce, "mandem" abokai maza, "ends" unguwa, "peng" abu mai kyau, "bare" kuma abu mai yawa, kishiyar ma'anar da aka koya a aji. "Peak" a can na nufin abu ya yi tsami, alhali a shagon mai shayi a Nima sunan madarar gwangwani ne.

Da yawa daga cikin mawaƙan da suka yaɗa wannan magana a duniya suna da jinin Ghana. Mahaifiyar Stormzy 'yar Ghana ce, haka ma ta Dizzee Rascal. An haifi Tinchy Stryder a Accra. Ɗan wasan barkwanci Michael Dapaah, wanda waƙarsa ta kwaikwayon 'yan titin Landan ta zagaye duniya a 2017, iyayensa 'yan Ghana ne. A 2021 Stormzy ya yi waƙa tare da Yaw Tog na Kumasi, ɗaya daga cikin matasan da suka ɗauki salon kiɗan "drill" suka zuba masa Twi. Shirin talabijin na Top Boy, wanda aka fara a 2011 kuma Netflix ya farfaɗo da shi a 2019, ya kai wannan magana wayoyin matasa daga Accra har Toronto.

Akwai abin lura guda biyu. Na farko, wasu kalmomin ba ta Landan suka iso Nima ba. Unguwar ta daɗe da son kiɗan rege da na "dancehall", kuma mawaƙi irin Shatta Wale ya sha danganta kansa da ita, don haka gaisuwar Jamaika ta riga ta zauna a bakin matasa kafin ta dawo da tambarin Ingila. Na biyu, matasan Landan, har da waɗanda ba Musulmi ba, suna rantsuwa da "wallahi", kalmar da suka ɗauka daga abokansu 'yan Somaliya da Larabawa. Ɗan zango da ya ji wannan a bakin Bature ba ya buƙatar tafinta.

Sai dai wannan fahimta ta matasa ce. Yarinya mai shekara 18 a Maamobi za ta iya gane mawaƙin Landan sarai, amma ta kasa gane tsohuwa mai shekara 80 a birnin Newcastle, wadda sararta da karin harshenta daban ne. Kuma Landan ba ita kaɗai ke tasiri ba. Akwai 'yan Nima masu yawa a unguwar Bronx ta birnin New York, kuma ƙungiyar mawaƙan VIP da ta fito daga Nima a shekarun 1990 ta taso ne a kan salon hip-hop na Amurka, tana gauraya shi da Hausa da Twi. Ko kalmar gaye da gayu da Hausawa ke amfani da ita daga "guy" ta fito.

Yaya abin yake a sauran ƙasashe?

Ƙasashen da suka fi gane sarar Birtaniya su ne waɗanda talakawan Ingila da Ayalan suka yi ƙaura zuwa cikinsu da yawa, kuma dangantakar ba ta yanke ba: Ostireliya, New Zealand, da Turawan Afirka ta Kudu, sai ita Ayalan da ke maƙwabtaka. A can "mate", "bloke" da "dodgy" kalmomin gida ne. Kowace kuma ta ƙirƙiro nata. Ɗan Ostireliya yana kiran silifas "thongs", wanda a Ingila ke nufin wani irin kamfai, ɗan Ghana kuwa yana kiran sa "chale wote", daga harshen Gã, ma'ana aboki mu tafi. A Afirka ta Kudu "robot" danjar kan titi ce.

Amurka ce ta fi nisa. Ta rabu da Birtaniya tun 1776, tana da jama'a sama da miliyan 330, kuma fina-finai da waƙoƙinta sun mamaye duniya. Wannan ya sa fahimtar ta zama ta gefe ɗaya: Baturen Ingila yana gane maganar Ba'amurke domin ya tashi yana kallonsa, shi kuwa Ba'amurke ba dole ba ne ya gane Baturen Ingila. Lokacin da aka buga littafin farko na Harry Potter a Amurka a 1998, sai da aka sauya sunansa da wasu kalmomin cikinsa, kamar "jumper" da aka mayar "sweater", wato rigar sanyi. "Pants" a Ingila kamfai ne, a Amurka wando. "Pissed" a Ingila mutum ya bugu, a Amurka ya fusata. Akwai wata gajeriyar kalma da Baturen Ingila ke kiran taba sigari da ita, wadda a Amurka zagi ne mai muni. Har a majalisa ana samun saɓani: a Landan da Accra, a "table" ƙuduri na nufin a gabatar da shi don muhawara, a Washington kuwa na nufin a ajiye shi gefe.

Wani abin ban sha'awa shi ne kalmar "soccer". Sarar ɗaliban Ingila ce ta ƙarshen ƙarni na 19, an gutsuro ta daga "association". Amurka ta riƙe ta, Ingila ta yar da ita, yanzu kuma Turawan Ingila suna yi wa Amurkawa dariya a kanta.

Inda rashin fahimta ke da tsada

A watan Fabrairun 2022 Birtaniya ta buɗe bizar aiki ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya daga ƙasashen waje, kuma 'yan Ghana da Najeriya da dama suka tafi ta wannan hanya. A Maris 2024 aka hana su tafiya da iyalansu, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje. Amma waɗanda suka riga suka shiga suna can, kuma ma'aikatan jinya na ci gaba da tafiya. Ghana da Najeriya ba sa cikin jerin ƙasashen da hukumar shige da fice ta Birtaniya ke ɗauka a matsayin masu rinjayen Turanci, ko da yake Jamaika na ciki, don haka galibi sai mutum ya ci jarrabawa irin ta IELTS ko OET.

Jarrabawar tana auna daidaitaccen Turanci. Marar lafiyar da ke kan gado kuwa nasa yake yi. Tsohuwa za ta ce tana so ta "spend a penny", wato ta kashe kwabo, tana nufin bayi take son zuwa, maganar da ta samo asali daga lokacin da ake jefa kwabo kafin ƙofar bayin gwamnati ta buɗe. Tsoho zai ce yana da matsala da "waterworks" ɗinsa, yana nufin mafitsara. Wani zai ce yana jin "poorly", ba talauci yake nufi ba, rashin lafiya ne. Ga kuma al'adar rage magana: Baturen da ke cikin ciwo mai tsanani zai iya cewa "not too bad", wato da sauƙi, kamar yadda Bahaushe ke cewa jiki da sauƙi ko da yana kwance rai a hannun Allah. Ma'aikacin da ya ɗauki maganar a zahirinta zai iya rubuta cewa lafiya lau.

Gaisuwa ma tana ruɗarwa. "You alright?" a Ingila daidai take da "yaya dai", ba a jiran bayani. "Cheers" na gode ce, ba lallai sai wurin shan giya ba. A ɗaya ɓangaren, ɗan Ghana da ke fara kowace amsa da "please", saboda ladabin da ya gada daga Twi da Gã, yakan bar shugabansa Bature yana jiran roƙon da ba zai zo ba.

A gida kuma tsadar tana zuwa ta wata fuska. Ɗalibin da ya cika kunnensa da maganar mawaƙan Landan yakan ɗauka cewa duk abin da ya fito daga Ingila Turanci ne mai kyau. Rahotannin masu duba jarrabawar WAEC sun sha kokawa kan buroka da gajerun kalmomin saƙon waya a cikin insha'i. "Innit" da "bruv" ba za su samu maki a wasiƙar neman aiki ba, a Accra ko a Landan, domin malaman Ingila su ma suna yaƙi da su a takardun ɗalibansu.

Kalmomin da ke tafiya daga nan zuwa can

Hanyar ba ta masu zuwa kaɗai ba ce. Idan Baturen Ingila ya ce "what a palaver" kan wata hidima mai yawan surutu, yana amfani da kalmar da matuƙa jirgi suka ɗauko daga gaɓar Afirka ta Yamma, asalinta kuma daga harshen mutanen Fotugal da suka gina gidan kasuwancinsu a Elmina a 1482. "Kwashiorkor", sunan ciwon tamowa da likitocin duniya ke amfani da shi, kalmar Gã ce da likita Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Accra, ta shigar da ita rubutun likitanci a 1935.

Hausar zango ta ba Turancin Ghana kaso mai tsoka. "Waakye" daga wake, "koose" daga ƙosai, "tuo zaafi" daga tuwon zafi. "Kayayoo", 'yar dako, haɗin kaya ne da kalmar Gã mai nufin mace. "Goro boys" su ne dillalan da ke tsayawa a ƙofar ofisoshi suna karɓar na goro. "Sakawa", damfarar intanet da ake haɗawa da tsafi, ita ma ana danganta ta da Hausa. Jaridun Accra suna buga waɗannan kalmomi a kanun labarai ba tare da fassara ba, kuma Bature ba zai gane ko ɗaya ba.

Babban ƙamus na Oxford ya fara karɓar irinsu. A Janairun 2020 ya shigar da kalmomi 29 daga Turancin Najeriya, ciki har da "okada" da "Kannywood". A ƙarshen 2024 ya ƙara da "suya" da "japa", tare da na Ghana irin su "galamsey", haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, da "banku" da "azonto". BBC kuma, wadda ta buɗe sashen Hausa a Maris 1957, ta buɗe na buroka a 2017.

Darasi ga masu Faransanci

Masu karatu a Nijar, Kamaru, Benin, Togo da Kwaddibuwa sun san irin wannan a Faransanci. Ɗalibin Yamai da ya ci bakaloriya yakan sauka a Faris ya tarar da matasa suna juya kalmomi baya da gaba, suna cewa "meuf" a madadin "femme", suna gaisawa da "wesh" da ta fito daga Larabcin Aljeriya. Shi ma ɗan Faris zai ɓace a cikin nushi na Abijan ko gaurayen Faransanci da Turanci na Duwala da Yawunde. Kalmar "s'enjailler", a ji daɗi, ta taso daga titunan Abijan har ta shiga ƙamusan Faransa.

Ita kanta Hausa iyaka ta raba ta. Ɗan Maraɗi na zuwa lakwal wajen mushe, ɗan Katsina na zuwa makarantar boko wajen tica. Ɗaya yana aiki a biro, ɗayan a ofis. Hausar Ghana kuma ta rage bambancin namiji da mace a nahawu, har baƙo daga Kano ya riƙa jin an ce "ya zo" alhali mace ce ta zo. Duk da haka ciniki bai taɓa tsayawa ba a kasuwar Nima saboda wannan, domin mai saye da mai sayarwa kowa yana sassauta harshensa ya nufi tsakiya.

Dabarar ke nan a Turanci ma. Daidaitaccen Turanci, wanda ake koya a aji, yana aiki daga Accra zuwa Landan, New York da Sidni, kuma shi ya kamata ɗalibi ya ƙware a kai. Mai shirin tafiya aiki Birtaniya zai amfana idan ya saurari rediyo da shirye-shiryen garin da za shi, ba na Landan kaɗai ba, ya kuma tambayi waɗanda suka riga shi kalmomin da marasa lafiya da abokan aiki ke yawan faɗa. Idan aka faɗi abin da bai gane ba, musamman a asibiti ko wurin sa hannu a takarda, ya nemi a maimaita da wasu kalmomi. Turawan Ingila kansu suna yin haka idan ɗan Landan ya haɗu da ɗan Glasgow.